Yadda Za Ka Yi Kiwon Motar Tsere Har Ta Kai Ka Makka

Kafin mu shiga darasi, bari in sauke wani ɗan nauyi daga wuyana: ban iya tuƙi ba. Sau uku na je koyo a wani fili bayan Farin Gada, sau uku mai koyarwar yana cewa in sauko. A na ukun ma bai tsaya karɓar ladansa ba, ya ja motarsa ya bar ni tsaye da takalmi wari ɗaya. Amma kada wannan ya sa ka raina ilimina. Wanzami bai taɓa ganin ƙeyarsa ba, ga shi kuwa ƙeyar kowa a hannunsa take.

Sunana Ɗanbaba, tela ne ni a unguwar Gangare cikin Jos, shekara ashirin da shida ina taka keke. Ni kaɗai ne kuma a unguwar nan na mallaki motar tsere 'yar Italiya, ja, mai kujera biyu, irin wadda ke jan ciki a ƙasa kamar ƙadangare. Shi ya sa kullum ake tare ni da tambaya: “Malam Ɗanbaba, irin waɗannan tsofaffin motocin, darajarsu tsayawa take yi ko zubewa?” Na gaji da amsa wa mutum ɗaiɗai. Ga matakan nan a rubuce. In ka bi su sau da ƙafa, na ba ka tabbacin motarka ba za ta faɗi da ko kwabo ba. Tawa shekararta biyar a hannuna, ko sau ɗaya ba a sayar da ita a kan asara ba.

Mataki na 1: Nemo jari a wurin mai haƙuri

Kada ka laluba aljihunka, ni da kai mun san abin da ke ciki. Duba cikin gida.

Matata Suwaiba ta yi shekara bakwai tana tuyar masa a ƙofar gida, tana tarin kuɗin kujerar Makka. A shekarar 2003 suka cika. Ta ƙulle su a ɗankwali ta ce, “Malam, ka kai min ofishin alhazai, ka karɓo rasit.” To, ka lura da wannan: hanyar ofishin ta bi ta gaban filin da wani dillali mai suna Okey yake baje motocin Kwatano. Ba ni na shata hanyar ba.

“Oga Tela!” in ji Okey, da ya ga na rage tafiya. “Wannan ba mota ba ne, banki ne. Turawa sun daina yin shi. Duk Najeriya guda uku ne: ɗaya yana Legas, ɗaya ya faɗa ruwa. Ka ajiye shi shekara biyu, ka sayar, kai da Madam ku tafi Makka, ku dawo, ku sake tafi.”

In ka ji irin wannan magana, kada ka tsaya shawara. Shawara ita ce ta hana kaza tashi sama. Kuɗin ba su isa ba, sai na haɗa da ɗan filin da na gada a Bukuru, wanda dama ban da duwatsu ba abin da yake haifarwa.

Kuma ba sata ba ce. Sata a ɓoye ake yin ta. Ni da rana tsaka na yi, har hoto aka ɗauke mu.

Mataki na 2: Shigo da ita gida da ƙarfin zuciya

Nemi wanda zai tuƙo maka. Ni Jang na ɗauko, makanike daga Anguwan Rukuba, mutum mai yawan shiru da yawan girgiza kai. Ka tanadi katako biyu da majiya ƙarfi huɗu, don duk ramin da akuya za ta tsallake, wannan motar sai an yi mata gada. Daga wurin Okey zuwa Gangare mun yi awa uku. Wata tsohuwa mai tallan dankali ta wuce mu sau biyu, a na biyun har ta yi mana sannu.

Ta shige lungunmu sumul, ta tsaya a tsakar gida. Suwaiba ta fito da ludayi a hannu.

“Malam, ina rasit ɗin?”

“Ga shi nan kina kallo.”

“Wannan farantin?”

A nan ne na ce mata kujera ɗaya ta aike ni, na dawo mata da biyu. Kai kada ka faɗi haka. Na gwada maka, ba ta ba da dariya.

Kafin la'asar yayanta, Alhaji Jika, dillalin shanu, ya iso. Ya zagaya motar sau biyu, hannu a baya, kamar yadda yake zagaya saniyar da ake zargin tana tari.

“Ɗanbaba, da karsana ka saya da baɗi ta haihu.”

“Yaya Alhaji, saniya ai mutuwa take yi.”

“In ta tasar wa mutuwa a yanka a ci nama. Wannan in ta mutu me za ku ci, taya?”

Kada ka ja da suruki. Ɗaga murya ka yi alkawari, ya fi sauƙi. A gabansa na ce nan da shekara biyu zan sayar da motar da riba, ni da ƙanwarsa mu hau jirgi tare.  Suwaiba ta koma wajen tandarta, daga ranar kuma motar ba ta da wani suna a unguwa sai Faranti.

Mataki na 3: Kada ka tuƙa ta

Wannan shi ne ƙashin bayan ilimin gaba ɗaya. A gaban direba akwai wani ɗan agogo mai lissafin tafiya. Duk lambar da ya ƙara, daraja ce ta ragu. Masu tuƙa motocinsu kuɗinsu suke ƙonawa suna murmushi. Kai ka fi su wayo: kafe ta wuri ɗaya.

In sha'awa ta taso, shiga ka zauna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka riƙe sitiyari, ka yi kallon bangon kicin. Amma ka cire babbar riga tukuna, kuma ka tabbata akwai mutum a gida. Shiga motar tsere kyauta ce, fita ce sai da ceto. Kujerar a ƙasa take, gwiwoyinka suna gaisawa da kunnuwanka. Na taɓa shiga Suwaiba ta tafi barkar suna a unguwar Congo-Russia, ban ga waje ba sai da ta dawo ta janye ni ta hammata kamar ana zare ɓargo daga ƙashi.

Masu iya magana suka ce dokin da ba a hawa ba ya yin tuntuɓe. In ma ba su faɗa ba, ya kamata su faɗa.

Mataki na 4: Riƙe makanikenka kamar ɗan'uwa

Mota ko ba ta tafiya tana ciwo, kamar ɗan fansho. Jang yana zuwa duk ƙarshen wata ya tayar da ita ta yi minti goma tana gurnani, kajin maƙwabta su daina ƙwai kwana biyu.

Wata rana ya ɗago daga cikin injin ya ce, “Oga, ɓera ya ci waya.”

“Wace waya?”

“Duka. Ɓeran Gangare yana son abincin Turawa.”

Kayan gyaranta kuwa babu su a Jos, babu a Kano. Wani ya ce ya taɓa ganin fitilarta a Anacha, amma da aka bincika sai aka tarar mafarki ya yi. Kada hankalinka ya tashi. Duk abin da ya lalace, Jang zai saka na Fijo, ya ɗan daddaka da guduma har su fahimci juna. Yanzu haka Faranti daga waje Ba'italiya ce, daga ciki kuwa tasi ce 'yar tashar Tamina. Wannan ma ƙarin daraja ne: duk wanda ya saya, mota biyu ya saya.

Mataki na 5: Kada ka bari a taya

Ka taɓa ganin farashi ya faɗi shi kaɗai a ɗaki? Sai an taya yake faɗuwa. Don haka duk wanda ya leƙo ya ce, “Nawa za ka bari?” ka ce masa ba ta sayarwa ba ce tukuna. Duk sabuwar shekara ka ƙara mata kuɗi a zuciyarka. Ni haka na yi, kuma ban taɓa samun gardama ba.

Sau ɗaya na karya wannan doka. Da shekara biyun alkawari suka cika na koma wurin Okey in ji ko zai karɓi bankinsa.

“Ah, Oga Tela, ni sayarwa nake yi, ba na saya. Ka ƙara haƙuri, yana nuna ne kamar ayaba.”

Wahalar wannan mataki a cikin gida take, musamman lokacin da alhazai ke dawowa. Suwaiba takan saka mayafinta mai kyau ta bi gidajen ƙawayenta tana yi musu barka da sauka. Ta dawo da ɗan zamzam a kwalba da dabino a leda. Ba ta faɗa, ba ta kuka. Sai ta ɗauki dabino ɗaya ta ɗora a kan rufin Faranti, ta shige ɗaki. Na fi son a zage ni.

Maganin da na samo shi ne na fara kiran ta Hajiya tun kafin lokaci, tun da suna ba ya cin kuɗi. Ta ce, “Malam, ajiye sunan nan kusa da motar, su riƙa hira.” Daga baya ta gano murfin gaba yana ɗaukar rana sosai, ta mai da shi wurin shanyar kuɓewa da tattasai. Kada ka hana. Mai ziyara zai ga ana amfani da kadarar.

Mataki na 6: Kare ta daga damina, ko da za ka tashi unguwa tsaye

Ka san ruwan Jos. Ƙanƙara daga sama, ambaliya daga tudu. Ta ƙanƙara mai sauƙi ce, tsofaffin katifu biyu sun wadatar. Ambaliya ce abin tsoro, don motar da cikinta ke shafar ƙasa ko buta aka kifar sai ta yi wanka. A daminar 2006 ruwa ya gangaro ta lungunmu ya shigo tsakar gida, na wayi gari na tarar da kwaɗo a kujerar direba. Ya fi ni dacewa da wurin, amma duk da haka raina ya ɓaci.

Kada ka ce wa maƙwabta su taimaki motarka, ba wanda zai fito. Ka ce lafiyar al'umma. Na bi gida gida ina wa'azin sauro da kwalara, har aka yi gayya aka gina magudanar ruwa ta kankare a gefen lungun hagu da dama. Magini ya ce siririya ta isa. Na ce, “A'a, faɗaɗa ta, ka ɗaga bakinta har gwiwa. Aikin jikoki muke yi.” Ranar buɗewa na yi jawabi, na ce duk wanda ya taɓa wannan magudana da guduma ya taɓa mutuncin Gangare. Aka yi tafi. Mai unguwa ya sa aka rubuta sunana a jikin ɗanyen siminti.

Tun daga ranar ko ɗigo bai sake kusantar Faranti ba.

Mataki na 7: In mai saye ya zo, kame fuska

Zai zo. Nawa a 2007 ya zo, wani matashi mai shirya finafinan Hausa, Sharafaddeen, da baƙin gilashi da wayar hannu guda biyu. Yana neman motar da jarumi zai riƙa yaudarar 'yan mata da ita. Ya ga Faranti, ya cire gilashin.

“Baba, ko nawa ne.”

Na faɗi kuɗin da nake ta tarawa a zuciyata shekara huɗu, ina jiran ya yi dariya. Ya ce ya saya. Ka ji? Ya fi abin da na biya. A wannan minti ɗin ni ne mafi hankali a duk Filato. Na aika aka kirawo Alhaji Jika don kawai ya tsaya ya gani. Suwaiba ta kwashe kuɓewarta daga kan murfin da kanta, har ta goge shi da gefen zaninta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce a hankali, “Malam, ashe dai.” Kalma biyu ke nan, amma na ji su har tafin ƙafa.

Jang ya shiga ya tayar. Faranti ta yi gurnani, ta gangara ƙofar gida, ta leƙa hancinta cikin lungu. Sai ta tsaya.

“Oga, ba zai wuce ba.”

“Ƙara mata wuta mana.”

“Ba maganar wuta ba ne. Zo ka gani.”

Na zare tef ɗin awo daga wuyana. Faɗin mota inci saba'in da huɗu. Faɗin lungu, daga bakin magudana zuwa bakin magudana, inci sittin da bakwai. Na sake aunawa. Na juya tef ɗin na auna ta ɗaya gefen, ko zai tausaya. Ni da na auna wuyan rabin mazan Gangare ban taɓa kuskuren rabin inci ba.

Na ruga wurin mai unguwa na ce a ɗan fasa gefe ɗaya, zan gyara. Ya ce, “Malam Ɗanbaba, wa ya ce duk wanda ya taɓa ta da guduma ya taɓa mutuncin Gangare?” Na ce ai jawabi ne. Ya ce ai an yi tafi. Muka kawo shawarar motar ɗaga kaya, aka ce ita ma ta lungun za ta shigo. Muka ce a kwantar da Faranti a gefenta majiya ƙarfi su ɗauka kamar gado, Jang ya girgiza kai har hularsa ta faɗi.

Alhaji Jika ya gyara zaman rawaninsa ya ce, “Saniya dai ko lungu ya matse, a kan jawo ta da igiya.” Ya tafi.

Mataki na 8: In mota ba ta je fim ba, fim ya zo wurin mota

Sharafaddeen ya fasa saye, amma bai fasa fim ba. Ya kwaso jama'arsa, mutum talatin, suka cika mana tsakar gida. Jarumi ya zauna a ciki yana murza sitiyari yana rera waƙa, ƙarti biyu suna jijjiga motar ta baya, wani yana gudu da reshen mangwaro ta gefen taga don a ga kamar bishiyoyi na wucewa. Sun ce a fim ɗin daga Jos zuwa Abuja ya je a minti huɗu. Agogon tafiya kuwa ko motsi bai yi ba. Ka ga amfanin ilimi.

Ɗan abin da suka ba ni na haya, Jang ya cinye shi a gyaran ƙofar da jarumin ya ɓalle garin fita.

Sai dai mutum talatin ba sa rawa da yunwa. Suwaiba ta dube su ranar farko, ta ɗora babbar tukunya. Masa da safe, gwaten acha da rana, kunun tamba da yamma. Mako bakwai suka yi. Da suka tafi, wasu suka zo, su ma wai motar suke so, amma na lura sai an sauke tukunya suke tuna da kyamara. Daga baya ma suka daina kawo kyamarar.

Bana, 2008, kuɗin kujerarta suka sake cika. Ba ta aike ni ba. Ita da yayanta suka je ofishin, kuma an ce ta sa direba ya zagaya ta wata hanyar daban, mai nisa. Kujera ɗaya ce. Ni na ɗinka mata kayan alhazai, ban karɓi ko sisi ba, a rubuta wannan.

Ranar da na raka ta sansanin alhazai, ta leƙo ta tagar bas.

“Malam, me zan sayo maka?”

“Carbi ya isa, Hajiya.”

“To. Zan haɗo maka da tef ɗin awo. An ce nasu na can yana auna lungu.”

Matan da ke bas ɗin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ba ni da wani aikin. In wani ya tambaye ka, ka ce motar ce ta kai ta. Ba don Faranti ba, da 'yan fim sun san ƙofar gidanmu?

Sanarwa

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi da matarsa da surukansa, su suka jiyo. Ni Ɗanbaba ba ruwana da ciwon gwiwa, ko yaji, ko ɓera, ko dabino a kan rufi. Ban san ka ba, ban taɓa auna ka ba, in ka zo shagona da ƙorafi zan ce kaftani ka zo karɓa kuma bai yi ba tukuna. Masu son sanin ko ni ma zan hau jirgi, su sani kujerata tana nan daram a cikin motar, darajarta kuma ba ta ragu ba.

Jiya na kirawo mai sayen tsofaffin ƙarafa, don shi kaɗai ne zai iya fitar da ita ta lungun, gunduwa-gunduwa. Ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu ya manna a ƙofarta, mayen ya faɗo ƙasa. Ya manna a rufi, ya zame. Ya ce jikin roba ne, ba ya saye.